Wajen koyon besbol na tsohon ɗan ƙaramin lig: abin da na gani da kuɗin da nake biya

Jama'a, iyaye da dama cikin 'yan uwanmu da ke nan yankin Columbus suna ta tambayata game da wajen da nake kai yarona tirenin ɗin besbol, wai ko ya cancanci kuɗin da ake zubawa, to maimakon in ta maimaita wa kowa a waya gara kawai in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta ya yanke wa kansa hukunci. Ba zan kama sunan wajen ba balle na kocin, dan akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba yabo ba ne, kuma dama irin waɗannan wurare sun cika Amurka, duk garin da ka shiga za ka samu wani tsohon sito an shimfiɗa masa ciyawar roba an rataya raga, da wani tsohon ɗan wasa a ciki yana koyar da yara. Amsata a taƙaice ita ce e, ya cancanta, amma ba dan dalilin da suka rubuta a allon ƙofa ba.

Abin da ke allon ƙofa shi ne wai mai wajen tsohon ƙwararren ɗan wasa ne, ga rigarsa an saka a gilashi an rataye a bango. Gaskiya ne kuma, ba ƙarya ya yi ba, sai dai ya kamata mu da ba mu tashi da wasan nan ba mu gane me hakan ke nufi. Babban lig, wato MLB, ƙungiyoyi 30 ne, kuma kowacce tana da ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinta inda take rainon 'yan wasa, mataki mataki, daga Single-A zuwa High-A zuwa Double-A sai Triple-A wanda daga shi sai babban lig. Ba irin na ƙwallon ƙafa ba ne da ƙungiya ke hawa ko ta faɗo, a nan ƙungiya tana inda take, ɗan wasa ne ake ɗagawa ko a sauke ko a sallama. Mu nan Ohio ma muna da su birjik, Columbus Clippers Triple-A ce ta Cleveland, Toledo Mud Hens ta Detroit ce, Akron RubberDucks Double-A, Dayton Dragons kuma ta Cincinnati. Duk wanda ya taɓa zuwa Huntington Park kallo da yamma ya san yaran nan ba wasa ba ne, wanda ya kai Double-A ya fi kusan duk wanda za ka haɗu da shi a rayuwarka iya wasan nan, amma dai mafi yawansu ba sa taka babban lig ko na rana ɗaya.

Kocin namu mai jifa ne, wato wanda ke jefa wa mai bugu ƙwallo, ya kai Double-A nan ya tsaya. Yadda ya ba mu labari, an ɗauke shi ne can ƙarshe ƙarshen zaɓen 'yan wasa lokacin da ake yin zagaye 40, yanzu kam tun 2021 zagaye 20 ake yi, kenan da yanzu ne ma da ƙila ba wanda zai kira sunansa. Ya yi shekaru yana yawo a bas daga wannan gari zuwa wancan, wasanni kusan 140 daga Afrilu zuwa farkon Satumba, gwiwar hannunsa ta lalace aka yi masa tiyata, ya dawo ya ƙara gwadawa, sai ga 2020 korona ta zo aka soke kakar ƙananan lig gaba ɗaya, aka sallami ɗaruruwan 'yan wasa, shi ma yana ciki. Bayan nan kuma aka rage ƙungiyoyin daga 160 zuwa 120, ƙofar ta ƙara tsukewa.

Kuma kar wani ya ji an ce ƙwararre ya ɗauka mutumin ya tara dukiya. A zamaninsa mafi ƙarancin albashi a matakin A dala 290 ne a sati, Double-A dala 350, kuma a cikin kakar wasa kaɗai ake biya, watannin sanyi ba ko sisi, ga kuɗin haya daga aljihunka, shi ya sa za ka ji sun cunkushe mutum biyar shida a ɗaki biyu suna kwana kan katifar iska. Sai 2022 ne aka fara ba su masauki, a shekarar suka shiga ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa, a 2023 aka sa hannu a yarjejeniyar farko da ta kai Double-A dala 30,250 a shekara, Triple-A 35,800. Har ƙara tsofaffin 'yan wasa suka shigar kan rashin biyan haƙƙinsu aka sasanta kan dala miliyan 185. Na kawo wannan ne dan shi ne asalin sana'ar nan, yawancinsu sun fara koyar da yara ne tun suna wasa, da sanyi, dan su samu na cefane, ba wai sun zauna sun zaɓi koyarwa ba. Shi ya sa ake samun nagari a cikinsu kuma ake samun waɗanda kawai jira suke awa ta cika su karɓi kuɗi.

Iyayen da suka riga mu zuwa wajen sun ce min da farko shi ma ba haka yake ba. Wai sai ya tsaya ya yi jifa ɗaya mai kyau ya ce wa yaro ɗan shekara 9 to yi haka, yaro ya kasa, ya sake nunawa, yaro ya sake kasawa, sai ka ga ransa ya fara ɓaci yana zubo kalmomin da sai wanda ya yi shekara goma a harkar zai gane. Kamar gwanin direba ne da ka ce ya koya maka tuƙi, hannunsa da ƙafarsa sun sani amma bakinsa bai sani ba. Abin da jikinsa ke yi tun yana ƙarami bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa yaya ake yi ba. Sun ce wasu ma sun janye 'ya'yansu a lokacin. Ni dai wanda na tarar daban ne, kuma wannan canjin shi nake biya wa kuɗi, ba rigar da ke gilashi ba.

Bari in ba ku misali da nawa yaron, shekararsa 11. Matsalarsa in zai yi jifa ƙafarsa ta gaba ba ta sauka saitin mai cafewa, sai ta karkace gefe, jiki ya buɗe da wuri, hannu ya biyo baya shi kaɗai yana ɗaukar duk nauyin, ƙwallo ta tafi sama ko ta yi waje. Kocinsu na Little League, wato lig ɗin yara na unguwa, wanda uban wani yaro ne mai aikin sa kai, Allah ya saka masa, kullum ihu yake wai ya jefa daidai, to ai da ya san yadda zai yi da ya yi. Kocin wajen nan kuwa bai ce masa komai ba da farko, ya bar shi ya yi jifa kaɗan yana kallo, ya ɗauki bidiyo da waya, sannan ya ɗauko farin salatif ya ja layi a ƙasa daga tudun jifa zuwa gaba, ya durƙusa har kansa ya zo daidai da na yaron ya nuna masa bidiyon a hankali, ya ce abu ɗaya nake so yau, ƙafar nan ta sauka kan layin nan, ban damu da inda ƙwallo ta je ba. Shi kenan fa. Ni ina zaune a benci ina ganin wasu kurakuran har ni da ban san wasan ba, gwiwar hannu tana ƙasa, kai yana girgiza, amma bai taɓa ko ɗaya ba ranar. Da na tambaye shi daga baya yace yaro in ka ba shi gyara uku a lokaci ɗaya to ba ka ba shi ko ɗaya ba, kuma in ƙafa ta gyaru rabin sauran za su gyara kansu. Haka kuwa aka yi, har gida yaron ya ja layi a gareji da alli yana ta taka shi, uwarsa na mita.

Inda ya fi burge ni kuwa shi ne maganar hannu. Mutumin nan da tabon tiyata a gwiwar hannunsa, kuma ba ya ɓoyewa, yana naɗe riga ya nuna wa yara. Tiyatar nan da ake kira da sunan Tommy John, ɗan wasan da Dokta Frank Jobe ya fara yi wa a 1974, ana ɗauko jijiya daga wani wuri a jiki a maye gurbin wadda ta tsinke a gwiwar hannu, kuma mai jifa sai ya yi shekara ko fiye kafin ya dawo. Yanzu har 'yan sakandare ake yi wa. Ƙananan yara kuma nasu ya fi ban tsoro dan ƙashinsu bai gama haɗewa ba, wajen da ƙashi ke girma a gwiwar hannu guringuntsi ne, yawan jifa na iya ja masa ciwo ko ma ya ɓalle. To shi duk yaron da ya shigo tambayar farko ita ce yaushe ka yi jifa na ƙarshe kuma guda nawa, kuma ba ya yarda da amsar yaro kaɗai, sai ya juyo ya kalli uban. Yana da ɗan kati da yake raba wa iyaye mai ɗauke da ƙa'idar Little League, ɗan shekara 9 zuwa 10 kar ya wuce jifa 75 a rana, ɗan 11 zuwa 12 kar ya wuce 85, in ya yi 66 ko fiye sai ya huta kwana 4, daga 51 zuwa 65 kwana 3, daga 36 zuwa 50 kwana 2, daga 21 zuwa 35 kwana ɗaya. Da kuma shawarar Pitch Smart wadda MLB da USA Baseball suka fito da ita a 2014, cewa yaro ya samu hutun wata 4 a shekara ba ya jifa. Matsalar ita ce ƙa'idar lig ɗaya take ƙirgawa, yaro kuwa yana buga wa ƙungiyar unguwa ranar Alhamis, ya buga wa ƙungiyar tafiye tafiye, wato mai zuwa gasa gari gari, Asabar da Lahadi, kowane koci yana ƙirga nasa, hannun kuma guda ɗaya ne.

A gabana aka yi wata rigima a kan haka. Wani uba ya kawo ɗansa ranar Litinin, ya biya kuɗin awa guda, yana so a kunna na'urar auna gudu a ga mil nawa yaron ke jefawa kuma a fara koya masa jifa mai lanƙwasa. Koci ya tambaya, ashe yaron ya yi jifa kusan 70 jiya Lahadi a gasa. Yace yau ba zai taɓa ƙwallo da wannan hannun ba, in ana so a yi aikin ƙafa da motsa kafaɗa da igiyar roba to bismillah, in ba a so ga kuɗin a mayar. Uban ya hau sama, wai shi ya biya shi zai faɗi abin da za a yi, wai akwai wani waje can da ba sa wannan iyayin. Koci bai ɗaga murya ba, bai kuma ja da baya ba, yaron yana tsaye a tsakiya ya sunkuyar da kai yana murza safar hannunsa. Ƙarshe uban ya ja ɗansa suka fita. Mutumin da ke biyan hayar sito da kuɗin wuta ya bar kwastoma ya tafi a kan hannun yaron da ba nasa ba, wallahi daga ranar na daina duba wasu wuraren.

Haka yake da maganar buri ma, ba ya sayar wa iyaye mafarki. Kun san mu, da an ce yaro ya iya abu sai mu fara lissafin sikolashif. Na taɓa masa zancen, yayi dariya yace shekara da shekaru ƙungiyar besbol ta babbar jami'a a matakin farko na NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'i, sikolashif 11.7 kacal take da shi da za ta raba wa 'yan wasa sama da 30, sai a 2025 aka sauya tsarin, kenan a da yawanci ɗan gutsure kowa ke samu, yace kuɗin da wasu iyaye ke kashewa a otal da man mota da kuɗin gasa daga shekara 9 zuwa 18 da sun ajiye da ya biya wani kaso mai tsoka na makarantar. Yace a bar yaro ya yi wasu wasannin, kwando ko ƙwallon ƙafa ko ninƙaya, kar a kulle shi a abu ɗaya tun bai balaga ba. Ko a sayen kaya ya cece ni, na kusa sayen sandar bugu ta wajen dala 400 da yaron ya nace a kai, yace in duba tambari tukunna, Little League tun 2018 sai mai tambarin USA Baseball ake yarda da ita, wadda yaron ke so ta wata gasa ce daban mai suna USSSA, alƙalin wasa zai fitar da ita, kuma in ya shiga sakandare dole a koma mai tambarin BBCOR, ga shi yana tsawo kullum, to in nemi ta hannu mai sauƙi. Safar hannu ce yace kar in yi rowa a kai.

To yanzu ga inda nake da ƙorafi, kuma ba kaɗan ba ne.

Kuɗi dai akwai shi. Rabin awa shi da yaro kaɗai dala 55, awa guda dala 95, ajin rukuni na yara huɗu zuwa shida dala 30 kowane yaro, hayar keji, wato wajen da aka kewaye da raga, in kai za ka jefa wa ɗanka da kanka dala 40 a awa. In kana son a kunna na'urar HitTrax mai nuna inda ƙwallo za ta sauka a allo ko Rapsodo mai auna juyawar ƙwallo, wannan ƙarin kuɗi ne, kuma a ganina ga ɗan shekara 10 ko 11 ado ne kawai, yara na so dan kamar wasan bidiyo ne amma ban ga abin da ya ƙara ba. Shi kansa kocin ba ya cika duba lambobin.

Babban ƙorafina shi ne in ka yi rajistar ajin rukuni ba lallai shi za ka samu ba. Yana da mataimaka, samari 'yan jami'a da ke zuwa hutu da wani ɗan ajin ƙarshe na sakandare, yaran kirki ne amma su suna nan inda shi yake a da, sun iya ba su iya koyarwa ba, sai su tsaya bayan raga suna ta jefa ƙwallo suna cewa da kyau, da kyau, rabin hankalinsu na kan waya. Kuɗin kuma ɗaya ne. Manhajar rajistar ba ta nuna wa zai koyar, sai ka iso ka gani. Wannan ba daidai ba ne, tunda sunansa aka sayar mana. Sannan shi mai jifa ne, a fannin bugu abin da yake koyarwa na gama gari ne, ɗora ƙwallo kan sandar roba a buga, jefowa a hankali daga gefe, ba laifi amma ba shi ne gwanintarsa ba, in matsalar ɗanka bugu ce nemi wanda bugu ne aikinsa.

Harkar kasuwanci kuwa har yanzu ɗan wasa ne, bai zama ɗan kasuwa ba. Ka tura saƙo yau sai jibi ka ga amsa. An taɓa ba mu lokaci ɗaya da wasu, muka iso muka tarar da keji a cike, muka zauna jira, ya ba da haƙuri sosai ya ƙara mana lokaci amma dai daren makaranta ne. In kai ka fasa zuwa ba ka sanar ba kafin awa 24 kuɗinka ya tafi, in shi ya ɗaga kuma sai dai a ce a yi haƙuri. Wajen da sanyi kamar firji, hita biyu ne kuma duk suna ɓangaren yara, iyaye mu sai mu zauna da jaket da hula, banɗaki ɗaya, fakin kuma in ajin ƙarfe shida ya haɗu da na bakwai sai addu'a.

Akwai kuma wani abu da na faɗa masa ido da ido. Mutumin da ke raba katin hutun wata 4 shi ne kuma ya buɗe ƙungiyar tafiye tafiye mai buga gasa da bazara, ta sake bugawa da kaka, sannan a shiga tirenin ɗin sanyi daga Janairu. To ina watanni huɗun? Yace masu jifansa yana dakatar da su daga Nuwamba, kuma in bai buɗe ƙungiyar ba iyaye za su kai yaran inda ba a ƙirgawa sam, kuma darasi kaɗai ba ya biyan haya. Na fahimce shi, amma ban gamsu ba, Nuwamba zuwa Janairu ba wata 4 ba ne ko ta yaya ka lissafa. Ni dai ban sa nawa a ƙungiyar ba, kuma in faɗi gaskiya bai matsa min ba, sau ɗaya ya ambata ya bar zancen.

Ta fannin tsaro ba ni da abin cewa, kejin duk a buɗe suke kana ganin komai daga benci, ba ya keɓewa da yaro a ofis, saƙo ma iyaye yake tura wa ba yara ba, kuma da na tambayi takardar binciken tarihinsa da shaidar horon SafeSport na kare yara daga cin zarafi bai ji haushi ba ya nuna min. Ku riƙa tambaya a duk inda za ku kai yaro, ba rashin kunya ba ne a nan. Da azumi ma da na yi masa bayani ya mayar mana da lokaci ya rage wa yaron gudu, ba tare da wani dogon zance ba.

Wanda ɗansa bai kai shekara 9 ba ni ban ga dalilin biyan darasin mutum ɗaya ba, ku yi rajistar lig ɗin unguwa ku riƙa jefa masa ƙwallo a bayan gida ya ishe shi. Wanda ɗansa ya fara jifa a wasa kuwa, musamman ɗan 11 ko 12 da ke shirin barin tazarar jifa ta ƙafa 46 ya koma babban fili mai ƙafa 60 da inci 6, wannan shi ne lokacin, dan a wannan tsallen ne yara ke fara tilasta wa hannu. Rabin awa ya isa, awa guda yaro gajiya yake, kuma ba sai kowane sati ba, ku bar tazara yaron ya yi aikin da aka ba shi a gida. Ku kira a waya ku tabbatar shi da kansa zai koyar kafin ku biya, kar ku dogara da manhajar. Lokutan yamma na Janairu zuwa Maris kuma tun Nuwamba suke ƙarewa, wanda ya jira sai bayan sabuwar shekara ƙarfe tara na dare zai samu.